Dodon Gada Ya Narke a Teburin Guga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu uku masu ƙuna, Tela na bayan tasha yana sanar da 'yan teburin Asabar rasuwar Dodon Gada, wanda ya narke ranar Alhamis da hantsi, yana da mako tara a duniya.

Ga wanda bai san marigayin ba: duk Asabar da yamma, in Tela ya rufe keken ɗinki, mutum huɗu ne ke zama a bayan shago suna wasan labari. Tela ke jan labarin, shi ke magana da bakin duk halittar da aka ci karo da ita a hanya. Sauran ukun kowa da jaruminsa, a jefa ɗan ludo ya yanke wa mutum sa'arsa. An haifi marigayin ne daga guntayen kyandir, aka sa masa maɓallan kwat biyu a matsayin ido, da zif ɗin wando a matsayin baki. Kyau kam ba shi da shi. Aikinsa tsaron gada, wato tsohuwar rula da aka ɗora kan gwangwani biyu.

Marigayin bai taɓa dukan kowa ba, kuma bai taɓa matsa wa kowa ya wuce ba. Mai Kemis ya sare shi da gatari sau tara, ya yi masa godiyar susa. Malamar Lissafi ta kawo masa rago, ta rera masa waƙa, ta gwada bi ta ƙarƙashi ta faɗa ruwa. Za a daɗe ana tuna muryarsa: ƙiiirr na zif in zai buɗe baki, sannan a ji, "Kai fa, mai shiru? Me ya kawo ka?"

Al'adar Tela ce, duk dodon da ya ƙera sai ya rubuta masa layi uku a bayan littafin awo: abin da yake so, abin da yake tsoro, da abin da zai sa ya ba da hanya. A cewarsa, dodon da sara kawai ake yi masa, buhu ne aka sa wa haƙora.

Marigayin ya bar macijin tef ɗin awo, da aljanu shida na kwarkwaron zare, da Mai Kemis, da Malamar Lissafi. Ya kuma bar Direba.

Direba ƙanin Tela ne, ciki ɗaya. Shekara uku ke nan Direba bai yi masa magana ba, tun ranar da ya iso asibiti a makare, mahaifinsu ya riga ya cika, da ƙurar tirela a jikinsa, Tela ya tare shi a ƙofa ya ce, "Ina kake lokacin da Baba yake kiran sunanka?" Daga ranar ko gaisuwa sai ta bakin ƙanwarsu, Malamar Lissafi. Ita ce ta jawo shi teburin da naci. Ya zo, ya zauna kusa da taga, duk dodon da aka ajiye masa ya jefa ludo ya kashe, bai ce uffan ba. Shi ya sa Tela ya ƙera wanda ba ya kisuwa, wanda dole sai an yi masa magana.

A Asabar ta uku Direba ya ture ɗan ludon, ya dubi kyandir ya ce, "To kai wai me kake so ne?" Tela ya yi kamar zare ne ya faɗa masa a ido. Daga nan hira ta ɓarke, kowa idonsa a kan dodo. Asabar ɗin da ta wuce dodo ya tambayi jarumin Direba abin da ya fi nadama, sai Direba ya manta da jarumi ya ce, "Da na san Baba zai tafi, wallahi da na bar motar a titi na taho da ƙafa." Tela ya kama zif, ya kasa ja. Sai ya ce lokaci ya ƙure, a bari sai mako mai zuwa. Ragwanci ne, kuma ya sani.

Jinyar marigayin gajeriya ce. Idonsa na hagu ne ya yi lako-lako, Tela ya kwantar da shi a teburin guga don ya gyara, ya jingine dutsen guga da zafinsa a gefensa, ya fita auna wuyan wani mai gaggawa. Da ya dawo, maɓallai biyu ne ke iyo. Ya kwashe da hannu, ya ruga da shi firjin Mai Kemis. Mai Kemis ya duba ya ce, "Tela, wannan ya wuce kemis." Tela ya sake narkar da shi ya mulmula har sau huɗu, kullum sai ya fito kamar sabulun wanki. Malamar Lissafi ta ce, "Yaya, kyandir cike da kasuwa. Ba shi ne matsalarka ba."

Tela yana cikin tashin hankali, ba ya ɓoyewa. An mayar da Direba wata hanya mai nisa, Lahadi da safe zai tashi, kuma babu sauran bakin da Tela zai ara ya ba shi amsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu a bayan shago. Za a sa marigayin a gwangwanin maɓallai a rufe. Ba za a jefa ludo ba. Tela ne zai zauna a bakin gada da fuskarsa, kuma tunda mai sirrin ya rasu, ga abin da ke littafin awo. Abin da yake so: ya janye maganar da ya faɗa a ƙofar asibiti. Abin da yake tsoro: Lahadi. Abin da zai sa ya ba da hanya: a kira shi Yaya, ko sau ɗaya.

An goge kujerar kusa da taga. Ana roƙon mai ita ya zo, ko da shiru zai yi.