Tagogin da Na Buɗe wa Laimar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga Gaffati da kyamara rataye a wuyana ba. Kayan da na je da su ba su da yawa: tsohuwar kyamara guda, fim guda, sai ɗan mutuncin da na yi shekaru ina lallaɓawa a gaban surukina. Biyun farko in sun lalace ina iya nemo wasu. Na ukun kuwa ba a sayar da shi a Kasuwar Dole.

Sana'ata ita ce sayen tsofaffin kyamarori, irin masu cin fim, in gyara in sayar. Da tebur na fara, ina gyaran agogo da rediyo a bakin kasuwa, har na lura duk mai hoton da ya rasu a unguwar Birni ko ta Zango, magadansa buhu suke samu su zuba kayansa su miƙa wa 'yan gwangwan. Sai na riƙa rigan 'yan gwangwan isa gidan (bayan an share makoki dai, rashin kunyata ba ta kai can ba). Yau ina da shago, masu saye har daga Yamai da Kano suke kira na. Ciwon sana'ar ɗaya ne: waɗanda suka ƙera kayan nan sun manta ma sun taɓa yin su. Babu kayan gyara. In ɗan haƙori ya karye a ciki, sai ka kashe agogo ka ciro nasa. In kyamara biyu suka zo da ciwo daban-daban, sai ka yanka ɗaya ka ciyar da ɗayar.

Surukina, Baba Alhaji, manomin gyaɗa ne a Gaffati. Bai taɓa kushe sana'ata ba, shi ba mai yawan magana ba ne. In dai aka tambaye shi me mijin Rakiya yake yi, sai ya ce, "Yana nan dai cikin gari." Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Ana shirin auren autansa Mutari, matata Rakiya ta dawo daga gida da saƙo.

"Baban Nana, Baba ya ce in gaya maka. Kyamarar marigayi mai hoton Birni da ka saya, da ita aka ɗauki mahaifinsa. Ya ce in da gaske tana da rai, ita yake so ranar biki. Ba ya son hoton waya, wai in wayar ta faɗa rijiya har da mutanen ciki take tafiya."

Na ce, "Ki ce masa tana da rai."

Ba ta da rai. A bayan gilashin irin wannan kyamara akwai wasu 'yan labulaye biyu na baƙin ƙyalle, su ne ke buɗewa su rufe cikin ƙiftawar ido don haske ya taɓa fim. Nata sun ruɓe. In ka ɗaga su a rana sai ka ce rariya.

Na buga waya Kano, na buga Yamai, babu. Wani a Turai ya ce yana da su, amma da na lissafa lokacin da za su iso, sai na ga ba auren Mutari za su tarar ba, sai dai sunan ɗansa. Na koma dabara. Na gwada bakin mayafin Rakiya (a lokacin ta zaci ƙusa ce ta ja shi), haske ya wuce. Na gwada robar tayar keke, ta yi kauri. Na sa wani baduku ya kankare mini fatar akuya har ta koma kamar takarda, ita kuma ta ƙi naɗuwa.

Ina cikin wannan hali na ga laima a jingine a zaurena. Ta Baba Alhaji ce, ya manta ta ranar da ya zo gari ganin likita. Baƙa, mai lanƙwasasshen mariƙi, tun hajjinsa na farko ya zo da ita daga Makka. Na buɗe ta da tsakar rana, na kafa ido a jikin ƙyallen ina fuskantar rana. Ban ga komai ba, haske bai wuce ba. Ga laushi, ga rashin kauri. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Wani zai ce, to me ya hana ka roƙa? Wanda bai yi surukuta a ƙasarmu ba ne zai yi wannan tambaya. Tun da na auri Rakiya, hirata da mahaifinta ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma a tsugune, takalmi a waje, ido a ƙasa. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Da wane baki zan ce, "Baba, ara mini laimarka in yanka"? Rakiya kuwa ban gaya mata ba, don na san amsarta tun kafin in tambaya.

Na ɗauko reza da abin awo. Yankan farko ya gajarce. Na biyu gam ya ɓata shi. Kafin in samu biyu masu kyau, laimar ta yi tagogi kamar motar haya. Na naɗe ta tsaf na ɗaure igiyarta, ba mai cewa an taɓa ta. Lissafina mai kyau ne: damina ta wuce, ana ta kaka, wa zai buɗe laima? Kafin ruwa ya dawo na samo irinta na musanya. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne matata mace ce mai riƙon amana. Washegari ta ba direban motar Gaffati ita ya mayar wa mai ita.

Kyamara kuwa ta tashi. Na danna, ta ce ƙas, irin ƙarar da take sa mai gyara ya manta duk zunubinsa.

Ranar biki, bayan an dawo daga ɗaurin aure, aka jera benci a ƙofar gidan Baba. Dattawa suka zauna, matasa suka tsaya a baya, mata suna leƙe ta saman danga. A gefen Baba akwai amininsa Malam Ari, wani tsohon Babarbare da suka yi fataucin gyaɗa tare, mutumin da bakinsa ba ya hutu. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ai cewa aka yi abin nan ya mutu tare da mai shi. Ina ka samo kayan gyara?"

Da na yi murmushi na yi shiru, da shi ke nan. Amma ga jama'a, ga sabuwar shadda a jikina. Na ɗaga murya na ce, "Daga Jamus aka aiko, Baba. Na asali."

Aka ɗauka, "Jamus!" Na saci kallon surukina, na ga ya gyaɗa kai. Ni aka gyaɗa wa kai! Na ji kamar an ƙara mini tsawo.

Na gama saita mutane ke nan, Baba Alhaji ya waiwaya ya ce, "A miƙo mini laimata. Da laima aka ɗauki mahaifina."

Ashe hoton nan yana rataye a ɗakinsa, tsohon yana riƙe da laima. Na sha shiga ɗakin. Na san zanen kowace tabarma da ke ciki. Bango ne dai ban taɓa gani ba, don ban taɓa ɗaga kai ba.

Na matsa kusa da Malam Ari na ce a hankali, "Baba, hasken zai fi kyau in babu laima."

Ya ce da ƙarfi, "Kai da kayan Jamus, laima ce za ta gagare ka?"

Aka kawo ta. Baba ya kwance igiya, ya tura, ta buɗe. Rana ta zubo ta tagogin nan, ta sauka a kan hularsa da kafaɗarsa, murabba'i murabba'i, kamar an shimfiɗa masa katin waya a jiki. Malam Ari ya miƙe, ya zura hannu ta taga ɗaya, ya motsa yatsu ta waje.

"Alhaji, ɓeran da ya ci wannan ya yi lakwal, ɗan boko ne. Dubi, ko kusurwa ɗaya bai karkace ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Laimar nan gida ɗaya ta kwana a cikin gari."

Ban san mutane suna iya juyo da kai lokaci ɗaya haka ba. Daga bayan danga na ji muryar da na fi sani a duniya ta ce, "Innalillahi! Baban Nana!" Baba kuma ya leƙa sama ta wata taga, ya daɗe, sannan ya ce, "Ari, tambayi mijin Rakiya, Jamus ɗin nan ta wace unguwa ake bi?"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Mirriya. Ni kuwa na tsuguna a tsakiyar fili, na cire takalmi (ban san me na zaci cire takalmin zai gyara ba), na ce, "Tana ciki, Baba."

Malam Ari ya ce, "Mece ce a ciki?"

"Laimar. Wani sashe nata."

Wani tsoho sai da aka riƙe shi don kada ya faɗo daga benci. Baba ya jira aka lafa, ya ce, "Ari, ce masa ya tashi. Tunda ta riga ta shiga, ta yi aikin da aka yanka ta dominsa. In hoto ya fito, ma yi magana. In bai fito ba, ma yi wata maganar." Ya gyara zama, ya ɗaga laimarsa mai tagogi bisa kai kamar ba abin da ya same ta.

Na tashi. Na manne gwiwar hannu a haƙarƙari, na riƙe numfashi, na danna. Ƙas. Na yi ta dannawa har fim ya ƙare.

A ɗan ɗakin duhu da ke bayan shagona na wanke shi da kaina. Da fuskoki suka fara fitowa a takarda, sai na zauna a ƙasa. Ko ɗigon haske bai ɓata fim ɗin ba. Kowane zare na rawanin Malam Ari ana ƙirga shi. Kuma da yake kowa dariya yake yi, ba wanda ya yi fuskar nan ta hoton katin ɗan ƙasa. A tsakiya ga Baba, ga laima, bakinsa ya ɗan karkace, yana ƙoƙarin danne abin da ya fi ƙarfinsa.

Na kai masa da kaina. Ya riƙe hoton ya daɗe, ya tashi ya kara shi kusa da na mahaifinsa. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya yi mini magana kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

"Da hannunka ka yi wannan?"

"Da hannuna, Baba."

"To ai wannan sana'a ce." Ya jawo laimar daga bayan ƙofa ya miƙo mini. "Tafi da sauran, kada ka je ka yanka ta wani."

Ga yadda cinikin ya tashi. Asara: a Gaffati yanzu ba mai kira na da sunana, daga dattijo har mai tallan ƙosai Bajamushe suke ce mini, Rakiya kuma ta sayo kwaɗo ta sa wa akwatin mayafanta. Riba: ragowar laimar ta tayar da kyamarorin da na riga na fid da rai da su, kuma surukina da kansa yake aiko mini duk wanda ya tsinci tsohuwar kyamara a kayan gado. Na ci riba, ba na musu. Amma na gane kunyar da na guje wa a zaure, inda daga ni sai shi, ita ce na biya a gaban gari guda, har da la'ada. Yanzu in zan yanka kayan mutum sai na tambaya. In mai saye kuma ya ce daga ina labulen kyamarar nan ya zo, sai in ce masa daga Makka, ta hanyar Gaffati. Wannan ko Malam Ari ba zai ƙaryata ni ba.