Gangar Baban Kanar Orval

A duk tuddan gundumarmu ta Kentucky babu mutum kamar kawuna Orval Spradlin. Shi ma ya tabbatar da haka. Ya yi shekaru a birni yana sayar da katifu, ya dawo gida da farar kwat, da gemu mai tsini, da takardar girmamawa a cikin gilashi wadda ta ce shi Kanar ne, amma ba na soja ba. Mai gyaran tayar garinmu ma yana da irinta, amma ta Kawu ta fi kyawun firam.

Baiwarsa ita ce hanci. Yakan ce idan iska ta taso daga rumbunan gangunan giyar masara, zai faɗa maka shekarun kowace ganga da sunan wanda ya babbake cikinta kafin a zuba giyar. Bai taɓa kai giya baki ba, wai sha aikin marasa ilimi ne. Mu a gida mun san cewa tun da alfadari ya harbe shi a hanci yana yaro, ko burodi ne ke ƙonewa a gabansa sai ya ga hayaƙi yake sani. Muna kiransa Kanar Hanci, yana amsawa da murna.

Shi ne ya gano cewa gidan Kaka Oleta, mahaifiyarsa, ba gida ba ne, wurin shaƙatawa ne da ba a gane ba. Ya gayyato baƙi daga Chicago, cikinsu har da wata Misis Kowalczyk mai shirya wa mutane tafiye-tafiye. Idan ta gamsu, za ta riƙa turo baƙi kowane mako, Kaka kuma ta koma gidan tsofaffi a gari, inda a cewarsa za ta huta. Kaka ta ce to, ta ci gaba da ɓare wake a baranda.

Shaƙatawar Kanar ba wasa ba ce. Ya kulle zakaran Kaka a gareji saboda yana cara ba bisa tsari ba, ya ɗaura lasifika a bishiya tana cara da hantsi. Ya sayi usur. Idan ya busa, lokacin kallon tudu ya yi. Wani baƙo ya yi barci a kujerar lilo, Kanar ya tashe shi domin kada hutun rana ya wuce shi.

"Jama'a, ku saki jiki," yake cewa yana duba agogo. "Ku saki jiki da sauri, akwai tafki a gaba."

Babban abin da ya tanada shi ne gangar giyar da mahaifinsa, marigayi Kaka Virgil, ya ajiye a bayan rumbun taba tun kafin a haife ni. Ranar Asabar da yamma aka mirgino ta tsakar gida. Kanar ya hau kan damin ciyawa ya yi jawabi a kan rabon mala'iku, wato abin da ke tsiyayewa cikin iska kowace shekara ta jikin katako. Ya ce mala'ikun gidan Spradlin masu kunya ne, kaɗan suke ɗiba. Sai ya zura bututun tagullar nan da muke kira ɓarawo, ya zuƙo, ya tsiyaya a kofi, ya ɗaga wa rana. Launin kam ya yi kyau.

Ya shinshina har gemunsa ya jiƙe. Ya ce yana jin itacen daji, da damina arba'in, da zufan mahaifinsa. Misis Kowalczyk ta ce ai mai gida ne ke fara kurɓa. Kanar ya rufe ido, ya kurɓa kamar mai shan magani. Sai fuskarsa ta washe.

"Kun ji laushi? Babu zafi ko kaɗan. Wannan ita ce ta manya. Wanda bai san giya ba sai ya ɗauka shayi ce."

Aka zagaya da kofuna. Misis Kowalczyk ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta tambaya ko akwai ƙanƙara da lemon tsami.

Dariya ta fara daga bayan taro. Kanar ya juya wajen baranda.

"Mama, ina giyar Baba?"

"Mala'iku, Orval," in ji Kaka, ba ta daina ɓare wake ba. "Duk Laraba suke taruwa a kicin ɗina, ƙawayena su Dovie da Maxine. Ka zaci da me muke yin alewar da ake rububi a cocinmu? Fasto ma yana aiko da kwano."

Ashe gangar ta daɗe da bushewa. Da asubar ranar Kaka ta dafa shayi a tukunyar wanki ta ɗura a ciki, wai don kada ɗanta ya ji kunya a gaban baƙi.

Baƙin suka watse daga gaban damin ciyawa suka cika baranda. Wani ya buɗe wa zakara gareji. Misis Kowalczyk ta cire takalmi, ta ja kwanon wake gabanta, ta ce za ta turo mutane, amma wajen tsohuwar nan, a wannan barandar, kuma ba da usur ba.

Kanar yana tsaye da kofinsa. Ya gyara murya ya ce duk da haka, harshensa bai yi ƙarya ba, bai taɓa ɗanɗana abu mai daɗin wannan ba.

"Na sani, yaro," Kaka ta ce. "Sukari na ƙara maka, yadda kake so tun kana fitsarin kwance."