Yadda Turancin Asabar Ya Sauke Surukina Daga Motarsa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Makarantar Turanci ta Ranar Asabar, jagoran masu lanƙwasa harshe, Allah ya ƙara basira.

Bayan gaisuwa irin ta ɗalibi ga malaminsa, da fatan allo da alli suna lafiya. Ni ne direban nan mai furfura da ke zama a bencin ƙarshe kusa da taga. Na kawo kukana a fili ne don kada wani bawan Allah ya faɗa ramin da na faɗa.

Na ɗaya. Wata bakwai ke nan ina zuwa ajinku ba fashi. An koya mana cewa kyanwa tana ƙarƙashin tebur. An koya mana tambayar hanyar tashar jirgi, ni da na shekara goma sha tara ina nuna wa mutane hanya. Amma ko sau ɗaya ba a gaya mana abin da mai Turanci yake faɗi idan an dame shi ba. Ranka ya daɗe, mutanen cikin littafinku ba a taɓa taka musu ƙafa ba ne?

Na biyu. Ku kuka hore mu da cewa in jimla ta gagara, a farfasa ta kalma-kalma. Wata likita nake tuƙawa, mace mai kirki, sai dai in ranta ya ɓaci Turanci ke riga Hausa fitowa. Ni kuma Allah ya yi ni da baki. Ba na wuce rami a titi ban ba da tarihinsa ba. Wata safiya muna cikin cunkoso, tana duba takardun marasa lafiya a kujerar baya, ina ba ta labarin yadda giyar wata tsohuwar motata ta maƙale, sai ta aje takardun a cinya ta ce, "You are driving me up the wall."

Nan take na yi aiki da karatunku. Akwai tuƙi a ciki, sana'ata ke nan. Akwai sama. Akwai bango. Wato gwanintata ta kai in hau bango da mota ban zubar da kowa ba. Na dubi madubi na ce, "Na gode, Likita, ai baiwa ce daga Allah." Ta daɗe tana kallona. Na ɗauka girmamawa ce, sai na ci gaba da labarin giya daga inda na tsaya. Cikin mako uku ta sake ba ni wannan lambar yabo sau huɗu, kowane karo ina godiya. Har na gaya wa maiɗakina ta fara shiri, alamun ƙarin girma sun bayyana.

Na uku, kuma nan ne gyambon yake. Surukina tsohon hedimasta ne, shekara talatin yana koyar da Turanci. Tun da na auri 'yarsa yake mini kallon wanda ya ci jarrabawa da kyar, ni kuma kullum ina neman ranar da zan nuna masa na ƙaru. Ranar ta zo da za mu je duba wata 'yar'uwarsa a asibiti. Ya ce shi zai tuƙa mu a motarsa, wadda ba ya bari kowa ya taɓa sitiyarinta. Ina gefensa, maiɗakina da mahaifiyarta suna baya. Tafiya yake a hankali har masu keke suna wuce mu suna waiwaye, amma ya kauce wa wani rami da kyau. Na gyara murya, na ɗaga babban yatsa, na zuba masa jimlar nan kaf, yadda na baya ma za su ji.

Ya gangara gefen titi. Ya kashe mota, ya zare mukulli ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce, "To, ga ta nan, tunda ni na gaza." Ya fita ya kama hanyar gida a ƙafa, da sandarsa. Maiɗakina ta ce, "Me ka gaya wa Baba?" Na ce yabonsa na yi.

Washegari na je na durƙusa a ƙofar falonsa. Ya sa na maimaita abin da na faɗa, sannan ya sa na fassara. Da na kai wurin hawa bango da mota sai ya cire tabarau ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Kai, in mutum ya ce maka ka kai shi bango, me yake nufi?" Na ce ai an ishe shi ke nan. Ya ce, "To shi ne." Ashe bangon nan muna da shi a gida, na tsallake shi na je ina neman tsani a na wasu. Ban tashi daga durƙuson ba sai da na tuna Likita, da godiyata biyar.

Na huɗu. Wa zai mayar mini da mutuncina? Da na je ba Likita haƙuri, ta gaya mini gaskiya cewa ta riga ta sa a nemo mata direba marar magana, amma ta fasa. Yanzu daga gida har asibiti ba abin da ake ji sai inji. Ramuka suna wucewa, labarinsu yana ƙuna a cikina, ina haɗiyewa. Surukina ya yafe, sai dai duk baƙon da ya zo gidansa, likita ne ko mai gyaran famfo, sai an kira ni in zo in yi masa fassarar.

Saboda haka nake roƙo, cikin ladabi, a juya manhajar. A fara da ƙorafi da tsaki da kora, gaisuwa ta biyo baya. Wanda aka gaishe shi bai gane ba, bai rasa komai ba. Wanda aka ce ya ishi mutane ya amsa da na gode, ni na san abin da ya rasa.

Ranar Asabar ina nan tafe, kuma a wannan karon a bencin gaba zan zauna.

Naka mai biyayya, mai kama bakinsa a halin yanzu,
Direban Likita