Garin Tallafi a Gemuna

Ba za ni taɓa mantawa da taron rufe makaranta na shekarar da ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina ba. Ina koyarwa a wata firamare kusa da Unguwar Lalle, gero ya tsaya iya gwiwa yana ƙonewa, kuma kowa ya san dogon hutun nan yunwa ce za ta raka yara gida.

Ana cikin haka aka aiko mana da tallafi: buhunan wani gari ruwan ɗorawa, wai a raba wa iyaye su riƙa dama wa yara kunu har a dawo. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Wasu suka ce abincin kaji ne, wasu suka ce yana kumbura ciki. Hedimasta, Malam Dikko, ya kulle buhunan a ofis, ya ce ni zan karanta sanarwa a taro, tunda muryata ta fi ta kowa kauri.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son sanin ƙwaƙƙwafi (mahaifiyata ta sha fama, har rediyon babanmu na taɓa buɗewa in ga masu maganar). Da aka aike ni ofis ɗauko kujera, na ga bakin wani buhu ya ɗan ɓarke. Na sa yatsa na lasa. Ba masara zalla ba ce. Wake ne? Gyaɗa? Na ƙara. Akwai ɗan zaƙi daga ƙarshe. Don in tabbatar, sai na cika tafin hannu na watsa a baki. Ina cikin binciken nan na ji ana kiran sunana.

Na fito da kujera, na tsaya gaban iyaye a ƙarƙashin dalbejiya, na gyara babbar riga. Na faɗi ranar dawowa, na faɗi ajin da iska ta kwashe wa rufi, na yaba wa waɗanda suka zo na ɗaya. Sannan na ɗaga murya:

"Batun garin tallafi kuwa, amana ce. Babu malamin da ya taɓa shi, babu wanda zai taɓa shi sai a gabanku!"

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka kwarjinina ne (ku ji fa). Malam Dikko yana ta shafa haɓarsa yana zaro mini ido, ni kuma na zaci yana nufin in ci gaba.

Sai wata tsohuwa, Inna Hajo, mai riƙon jikoki marayu, ta miƙe.

"Malam, to wanga da ke ga gemunka, mi ne ne?"

Na shafa. Tafin hannuna ya fito rawaya. Gemu, gashin baki, har gaban riga. A shekarar yunwa kuwa, a ce malamai na cin rabon yara ba abin wasa ba ne.

"Inna, ɗanɗanawa na yi," na ce, muryar nan mai kauri ta koma ta ɗan tsako.

"Ka haɗiye?"

"Na haɗiye."

"Cikinka fa?"

"Lafiya lau, Inna."

Ta ƙare mini kallo, kamar mai taya akuya a kasuwar Bafarawa. Sannan ta juya ga mata: "To ga shi tsaye, bai kumbura ba. Ni dai za ni amsa, ɗiyana na jira."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Waɗanda suka zo da niyyar ƙin karɓa suka bi layi, kowa ya iso gabana sai ya tambayi yadda ake ji a baki, ni kuma ina bayani kamar wanda ya yi digiri a kai. Buhunan suka ƙare tas.

Har na bar garin, Malam Ɗanɗano ake kirana. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya rantse wa jama'a a kan amana, ya fara neman madubi.