Jirgin Yaƙi Daga Laimar Larai

"Barka da hutawa, amarya."

"Wane hutu? Amarya ta gasu. Ina laimata?"

Larai tana zaune a ƙofar gidansu da ke unguwar Bagdadiyya a Jidda, tana fifita da murfin kwano. Kwana huɗu ke nan da ta aiki jikanta Abdulghaffar ya kai laimarta gyara. Shi makanike ne a filin jirgin saman Jidda, kuma a shekarar nan ta 1965 ba shi da zance sai na jiragen yaƙi. Ya tsuguna, ya zaro wani abu daga buhu: ɗan jirgin gwangwani mai tsinin hanci, tsawonsa kamu ɗaya.

"Ga ta nan, ya sitti, kakata ta kaina. Ƙarin girma ta samu."

"La ilaha illallahu! Ƙarafan laimata ne a haƙarƙarin wannan farar?"

"Fara? Jirgin yaƙi ne, ni na zana shi. Inji biyu, matuƙi ɗaya. In zai tashi ya buɗe fukafukai, in ya hau sama ya naɗe su baya, ya ninka gudun sauti sau biyu. Turawa ma har yanzu gwajin irinsa suke yi."

"Ya fi sauti gudu? To ashe kai ne. Kullum kafin kirana ya iso ka, ka ɓace."

"Ke da ko amalanke kika hau sai kin yi wasiyya, me kika sani a jirgi?"

"Ni da na tako daga Katsina har bakin teku da ƙafata? Kai kuwa daga nan zuwa masallaci sai ka nemi inuwa. Wannan auren na gaji da shi. Yalla, sake ni."

"In na sake ki wa zai kwasa? Haƙori uku, biyu na rawa."

"Ukun nan sun cinye tuwon da ya fi ka nauyi. Naɗe mini fukafukan in gani."

Abdulghaffar ya ja wata waya a wutsiyar jirgin. Fiffiken dama ya koma baya sumul. Na hagu ya tsaya cak.

Larai ta ƙyalƙyale da dariya. "Jirgi mai shanyewar ɓarin jiki! Wannan maƙiya tausayi zai ba su."

Shi bai yi dariya ba. "Kwana biyu ina fama da shi. Gobe muhandis Saleh, babban injiniyanmu, zai zaɓi mutum biyu a tura su karatun ƙirar jirgi a ƙasar waje. Ya ce kowa ya kawo aikin hannunsa."

"Shekara nawa?"

"Uku."

Murfin kwanon ya tsaya a hannunta. Ta daɗe tana kallon jirgin, sannan ta miƙa hannu.

"Ba ni nan. Wannan ƙarfen ya lanƙwashe tun ranar da na maka wa akuyar Dela, maƙwabciyarmu, laimar. Sai an tallafe shi ta ƙasa."

Ta zare tsinken kitso daga ƙarƙashin ɗankwalinta, ta cusa a gindin fiffiken, ta ɗan banƙara, ta bar shi a ciki.

"Ja."

Ya ja. Fukafukan biyu suka naɗe tare.

"Allahu Akbar! Ya sitti, ke ya kamata su tura!"

"Ba su da jirgin da zai ɗauki ilimina. Riƙe tsinken, na ba ka. Ka tafi ɗin. Amma in ka ƙara kwana ɗaya a kan shekara ukun nan, wallahi aure zan yi."

"Da wa?"

"Da matuƙin jirgi mana. Na gaji da mai ɗaure masa ƙusa."

Abdulghaffar ya zube zaune a ƙasa yana dariya. Ya kamo hannunta ya sumbata, ya ɗora a goshinsa.

"Halas, shi ke nan, amarya. Na sallama."