Ranar da Kyaftin Ya Ƙi Sakin Maɓallin Oba-oba

"Ni da teku wa da ƙane muke," in ji Zahraddeen, yana dukan tebur a shagon shayi da abinci da ake kira mamak, a unguwar Wangsa Maju, har shayin mutane yana fantsama. "Igiyar ruwa in ta hango ni, rusunawa take yi."

Bari in gaya maka ko wane ne wannan. Zahraddeen waya da layin waya yake sayar wa ɗalibanmu a Kuala Lumpur. Tekun da ya sani guda ɗaya ce, wadda jirgin sama ya ƙetare da shi yana sharar barci. Amma baki, tubarkalla. In ya fara zuba, ko ladan sai ya jira shi ya haɗiyi yawu. A gabansa muna ce masa Kyaftin, a bayansa Kyaftin na Tudu.

Ƙungiyarmu ta Hausawan garin ta shirya fita teku daga tashar jiragen ruwa ta Port Klang, maza da mata da yara, ana neman wanda zai ja ragamar tafiyar. Zahraddeen ya ƙwallafa rai. Ya sayo oba-oba guda biyu irin ta masu jirgin ruwa, da usur, da rigar hana nutsewa, da farar hula mai hoton angar jirgin ruwa a goshi.

Shugabanmu Malam Mika'ilu, mai digiri na uku a fiƙihu, mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya dubi kayan ya ce, "Rayukan iyalanmu za mu damƙa maka. A gwada tukuna. Ranar Asabar, tafkin Titiwangsa."

"Tafki? Boleh lah, ba matsala, Malam! Ai wannan bahon wanka ne."

Asabar da la'asar muka shimfiɗa tabarmi a bakin ruwa, mu goma sha bakwai, har da Hureira matar Zahraddeen. Ita oba-oba ƙa'idarta ɗaya ce: ka danna maɓalli ka yi magana, ka saki ka ji amsa. Wanda ya sayar masa da ita ya koya masa haka. Rabin farko na darasin ya zauna daram. Rabi na biyu kuwa bai sami wurin zama ba, don jin amsa ba ya cikin halin Zahraddeen.

Ya bar wa Malam guda ɗaya, ya shiga kwale-kwalen haya, ya tuƙa a karkace har tsakiyar tafki. Sai na'urar Malam ta yi ƙara.

"Salamu alaikum mutanen tudu, Kyaftin ne. Ya gida? Ya iyali? Ya zafin gari? Madalla, madalla."

Shi ya yi gaisuwar, shi ya amsa. Malam ya danna tasa ya ce, "Wa alaikumus salam," amma a banza, ɗan yatsan Kyaftin bai ɗaga ba.

Ana cikin haka wani guza, irin waɗanda ke yawonsu a tafkunan garin nan, ya ɗago kai kusa da kwale-kwalen.

"Kada! Wayyo Allah, kada!"

Muna kallo sandar tuƙi ta faɗa ruwa. Hula ta bi ta. Gogan ya rungume oba-oba a ƙirji da hannu biyu, ya matse maɓalli kamar wuyan ɓarawo.

"Malam! Imajansi! Ku amsa mana! Ba sa ji, wallahi ba sa ji. Na shiga uku."

Mu kuwa har numfashinsa muna ji. Muka yi ta ɗaga hannu muna ihun guza ne, shi idonsa a runtse. Da ya tabbatar ba mai jin sa sai Mahaliccinsa, sai ya koma faɗin gaskiya.

"Ya Allah, kai ka san ban iya ruwa ba. Ko randa na leƙa, jiri nake ji. Ka fitar da ni, na yi bakancen azumin wata guda."

Guza ya kaɗa wutsiya.

"Wata biyu! A jere!"

Hureira ta ajiye cokalinta. "Malam, nawa ya ce?"

"Biyu, Hajiya."

"To," ta ce, ta ci gaba da cin shinkafarta.

Guza ya gaji da surutu ya yi gaba. Iska ta turo kwale-kwalen sannu a hankali har bakin ruwa, wani dattijo mai kula da wurin ya jawo shi da ƙugiya. Ni dai na ji masa kunya, har da ɗan tausayi, na yi zaton zai sulale ya nufi tashar jirgin ƙasa. Ina! Ya share fuska, ya gyara riga, ya taho yana taku ɗai-ɗai.

"Jama'a, kayan nan jabu ne," ya ce. "Na yi ta kira, shiru. Da wani ne da ya rikice. Ni kuwa ido da ido muka yi da kada, shi ya fara kawar da kai."

Kowace kalma sau biyu muka ji ta, ɗaya daga bakinsa, ɗaya daga hannun Malam. Zahraddeen ya dubi na'urar Malam. Ya dubi babban yatsansa. A karon farko a ranar, ya saki maɓalli.

"Tun yaushe kuke ji?" ya tambaya da ƙaramar murya.

"Tun daga sallama," in ji Malam Mika'ilu. Ya miƙa hannu ya karɓi ɗayar, ya sa su biyun a jaka. "Oba-oba ta ci jarrabawa, da ita za a je teku."

"Ni fa, Malam?"

"Haba Kyaftin, ai mu ba azzalumai ba ne. Ba ma ɗora wa mai azumi wahalar tafiya. Hajiya, a tashe shi sahur gobe."