Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar Ɗakin Kati

Da zuciya mai nauyi, ni Nuriyya, mai kula da ɗakin kati a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke Rano, nake sanar da rasuwar Dattijuwa, kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan marasa lafiyarmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar awon ciki.

Marigayiyar mai riƙon amana ce. Ta san rukunin jinin kowace mai ciki daga Zurgu har Kibiya, ta san maganin da jikin kowacce ba ya so, kuma ba ta taɓa kai zancen wata gaban wata ba. Ta sha zafin bazara da wutar janareto, iyakar ƙorafinta "zuuu".

Ciwon ajalinta ya fara nunawa a rahoton aikinta da take fitarwa kowace safiya. Layin sama kullum kashi casa'in da tara ne, muka ɗauke shi makin jarrabawa, muna sa mata albarka. Amma neman suna ɗaya, da a da ƙiftawar ido ne, ya koma sai an zauna jira. Na ɗauki hoton rahoton na tura wa injiniya Salahuddeen a Kano. Nan take ya kira, murya ƙasa-ƙasa.

"Anti, bar wannan casa'in da taran, abin da ta riƙe a ka ne kawai. Dubi lokacin da take ɓatawa tana jiran faifanta na ajiyar bayanai, kullum hawa yake. Faifan ne ke mutuwa. Ku kwafe komai yanzu."

Muka fara kwafa. Ko rabi ba a kai ba ta ce "ƙas, ƙas, ƙas", ta yi shiru.

Ta rasu ta bar firinta guda, da wani tsohon kwafi na kafin azumi wanda har yau ba wanda ya yi ƙarfin halin buɗewa. Ta kuma bar Saude 'yar Zurgu da cikin wata tara. Wata allura ta taɓa sumar da ita. Saude ba ta san sunan allurar ba, likitan da ya rubuta shi a kwamfutar ya bar aiki. Tun Talata, duk adaidaitar da ta tsaya a ƙofa sai na leƙa in ga ko Saude ce aka kawo haihuwa.

Ranar Asabar da safe za a naɗe faifan a tsumma mai laushi, Malam Badamasi direba ya kai shi Kano, ko za a ceto wani abu. Gangar jikin za a kwantar da ita a sito. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin kati. Mai zuwa ta taho da tsohon katinta ko kwalin maganinta. Wanda ya san dangin Saude, don Allah ya gaya musu su kawo tsohon katinta, kada su jira Asabar.